Rariyar Bayan Sito

Ƙarfe bakwai da rabi na safe wayar caji ofis ta yi ƙara, Sufeto ko hularsa bai kai ga ratayewa ba. Mai faci ne na bakin kwalbatin babban titi, yana magana numfashi sama-sama. Ya ce tsohon da ke sayar da dashen furanni kusa da shi ya faɗi ya mutu, 'yarsa kuma an kwashe ta zuwa asibiti rai a hannun Allah.

Shekarar Sufeto ashirin da biyu yana wannan aiki, kuma a cikinsu ya ɗauki wata ɗabi'a da yake alfahari da ita: shi dai tambaya yake yi, ba ya ba da labari. Ko matarsa ce ta tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara jin me za ta yi da lokacin. Ya kira Kofur, wata doguwar mace mai saurin ƙafa da saurin baki, suka faɗa mota.

Gawar tana kwance tsakanin layukan dashe, an lulluɓe ta da tsohon zani. Dashen yana cikin baƙaƙen ledoji, ɗaruruwa, a jere a gangaren titi. Can sama da su bakin kwalbatin yake, inda ruwan unguwa ke fitowa ya gangara rafi. Tsohon ya tare bakin da buhunan yashi ya yi ɗan gurbi, daga gurbin kuma wani koren tiyo ya sauko har tsakiyar furannin.

Sufeto ya hau ya leƙa gurbin, ya ja da baya da sauri. Wani wari ne mai kama da na kananzir ya bugi hancinsa. Kwaɗi sun fi ashirin a saman ruwan, duk ciki a sama.

"Kai ka kira?" ya tambayi mai faci.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me ka gani?"

"Kamar kullum suka zo. Da asuba an ɗan yi yayyafi, gurbin ya cika, Baba har murna yake. Ya sa tiyo ya fara ja."

"Ja da me? Ban ga inji ba."

"Ina Baba ina inji? Da baki ake ja. Ka tsoma kai ɗaya a ruwa, ka zuƙi ɗayan har ruwan ya taho, shi ke nan sai ya ci gaba da zuba da kansa. Baba ƙirjinsa ya tsufa. Ya zuƙa, ruwa ya cika masa baki ya haɗiye, ya sarƙe, tiyon ya suɓuce. Sai 'yarsa Auta ta karɓa ta ce, kawo Baba, kai kullum sai ka sha rabin kwalbatin nan. Ita ma ta zuƙa."

"Sai me?"

"Ba a yi rabin awa ba ya fara gumi, yawu na dalala, ya ce ba ya gani sosai. Kafin in samo mota ya cika. Ita kuwa tana ta amai tana kiran sunansa."

Sufeto ya ɗaga zanin. Leɓen tsohon da gemunsa sun rine da wani launi tsakanin shuɗi da kore. Irin launin ne a bakin tiyon. Ya sa Kofur ta ɗebi ruwan a kwalba, ya bar ɗan sanda ɗaya ya kori mutane daga wurin, suka wuce asibiti.

Likitar ba ta ko amsa gaisuwarsa ba. Ta ja hannun rigarsa har bakin gadon. Auta ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, siririya, tafin hannunta duk kanta irin ta mai aikin ƙasa. An rufe mata hanci da baki da takunkumin iska, ƙirjinta yana hawa da sauka kamar wadda ta yi gudu.

"Guba biyu ce, ba ɗaya ba," in ji Likita. "Ta farko na gane ta, maganin ƙwari ne, shi ya kashe mahaifinta. Na ba ta allurar da ke karya shi. Amma cikin bakinta duk ya ƙone, kuma wannan launin ba na maganin ƙwari ba ne."

"Na mene ne?"

"Abin da nake so ka gaya mini ke nan. Akwai wani irin maganin ciyawa da idan ya shiga jiki, iskar oksijin ɗin nan ita ke taya shi cin huhu. Idan shi ta sha, to da hannuna nake kashe ta sannu a hankali. Idan kuma ba shi ba ne na rage iskar, numfashin da ya rage mata ba zai kai ta yamma ba."

"Ba ku da gwaji?"

"Mun aika babban ɗakin gwaji. Sai gobe." Ta kalle shi ido cikin ido. "Ba ta da gobe, Sufeto. Ka samo mini sunan abin da aka zuba. Ba wanda ya zuba nake nema ba, wannan matsalarka ce. Suna kawai."

Ya fito. Ya saba da gawa, gawa ba ta gaggawa. Bai taɓa riƙe binciken da mai rai ke kwance yana jiran amsarsa ba, kuma tsoro ya kama shi sosai.

Suka koma kwalbatin suka bi magudanar ruwan da ƙafa, suna hawa. Duk marfin ƙarfen da suka tarar a kan titi sai Kofur ta sa ƙarfen cire taya ta ɗaga shi. A mahaɗa ta farko hanya ta rabu uku. Biyu suna da ƙazantarsu ta kullum, ledoji da kyankyasai suna ta harkarsu. A ta ukun kyankyasan duk sun mutu, gansakukar jikin siminti ta ƙone ta yi fari.

"Oga, wannan ko makaho ya bi ta da hanci," in ji Kofur.

Marfi goma sha ɗaya suka ɗaga. Na ƙarshe yana gindin wata doguwar katanga. A bayanta wani babban rukunin gidaje ne, ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma, furanni an aske su daidai wa daida, famfunan ban-ruwa suna ta juyawa. Ƙarfe goma saura kwata.

Manajan kamfanin da ke kula da lambun ya tarbe su a ofishinsa da murmushin da bai kai ido ba. Sufeto ya bi ɗabi'arsa. Bai ambaci gawa ba, bai ambaci asibiti ba. A ganinsa da zarar mutum ya ji kalmar mutuwa sai bakinsa ya kulle.

"Ƙorafi aka kawo kan wari a magudanar ruwa," ya ce. "Wane irin magani kuke amfani da shi?"

"Wanda hukuma ta amince da shi kaɗai. Komai a rubuce yake."

"Wa ke taɓa shi?"

"Mutum biyu. Mai sito ya ba da, mai feshi ya fesa."

"Mu ga siton."

Siton ɗan ɗaki ne a bayan gidajen, kusa da inda ake tara yankakkiyar ciyawa. Mai kula da shi dattijo ne mai furfura, gajere, ma'aikata suna ce masa Baba Sito. Yana sanye da safar hannu ta roba duk da zafin da ake yi. Ya gaishe su da ladabi ya buɗe ƙofa.

A jikin bangon an kafa wata babbar takarda mai zane-zane: kada a yi feshi idan hadari ya haɗo, kada a share ciyawa ko taki a zuba a rariya, kada a wanke injin feshi a bakin magudana, ruwan sama kaɗai ke da izinin shiga. Kwalaben magani suna kan kanta a jere, kowace da takardarta. Wurin ya yi tsaf, har tsaftar ta yi yawa. A kusurwar ƙarshe, inda tsintsiya ba ta kai ba, Sufeto ya ga zobe biyar a kan siminti, irin shaidar da abu mai nauyi ke bari idan ya daɗe a wuri.

"Baba, me ke nan da?"

Tsohon ya saci kallon Manaja. "Jarkokin ruwa ne, ranka ya daɗe. Fanko."

"Suna ina?"

"An zubar da su tuntuni."

"Tuntuni yaushe?"

"Wallahi ban riƙe ba."

Manaja ya yi gyaran murya. "Sufeto, kada mu ɓata maka lokaci. Idan akwai mai ganganci a nan, mai feshi ne. Sau biyu ina ja masa kunne."

Mai feshin wani ƙaƙƙarfan mutum ne da ake kira Ƙarfe, suka same shi yana gyaran bututun injinsa a ƙarƙashin bishiya. Yana ganin kaki ya miƙe, idonsa ya raina fata.

"Jiya ka yi feshi?"

"A'a."

Kofur ta buɗe tankin injin ta shinshina. "Oga, da ɗanshi. Ko dai tankin ne ke gumi?"

"Na sake tambayarka. Jiya ka yi feshi?"

"Na yi," ya ce a hankali. "Da yamma. Na ga hadari, na san doka ta hana, amma an ce lallai a gama filin gaba kafin baƙi su zo."

Sufeto ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya damƙi wuyan rigar mutumin ya ce ya kawo kwalbar. Ya ɗauki hotonta ya aika wa Likita, ya tsaya yana kallon wayar kamar zai haɗiye ta. Ya zaunar da Ƙarfe a ƙasa ya yi ta juya shi da tambaya: murfi nawa ya zuba, lita nawa, ina ya wanke, wa ya gan shi. Likita tana can kan Auta, ba ta samu duba waya ba sai bayan kusan awa guda.

"Ba shi ba ne," ta ce da ta kira. "Wannan idan an sha shi a tsarke haka ba zai ƙona baki ba. Abin da ta sha tsantsa ne, kuma mai yawa. Sufeto, fitsarinta ya fara raguwa. Ina ƙara mata iska."

Ƙarfe goma sha biyu da rabi. Ya kashe awa biyu a kan mutumin da ba shi ba ne. Ya juya ga Ƙarfe.

"Ina kake zubar da ruwan wankin tanki?"

"Ba na zubarwa, ranka ya daɗe. Zo ka gani."

Ya kai su bayan katanga, wani dogon fili mai tsakuwa, nesa da kowace rariya. "Sau uku nake ɗauraye tanki, kowace ɗauraya in fesa shi a nan, ƙasa ta shanye. Baba Sito ne ya koya mini haka tun ranar da na fara aiki. Ya ce wanda ya zuba a rariya, a kofin wani ya zuba."

"To tsantsar magani fa? Ina za a samu mai yawa a gidan nan?"

Ƙarfe ya waiwaya ya ga ba Manaja a kusa. "Sai dai tsofaffin jarkokin nan."

"Waɗanne?"

"Guda biyar, a kusurwar sito. Tun kamfanin da ya riga namu aka bar su. Takardunsu duk sun goge. Ba mai taɓa su. Baba ne kaɗai ya san na ciki, ya ɗaura wa kowace zare a hannu, ja da baƙi. Shekaranjiya ma na gan su."

"Shekaranjiya?"

"Da idona. Gobe ne jami'an kula da muhalli za su zo duba sito. Na ji Manaja yana faɗa, yana cewa idan suka ga jarka ba takarda za su rufe mu."

Sufeto bai jira ƙarshen maganar ba. Suka zagaya bayan siton da gudu. A can akwai wata rariyar ƙarfe a ƙasa, faɗinta kamar faranti, an wanke kewayenta an watsa sabon yashi. Kofur ta share yashin da takalmi. Simintin da ke ƙarƙashi ya rine da launin nan da ke leɓen tsohon.

Tulin ciyawar yana nan kusa. Suka sa hannu suka yi ta tona, ciyawa mai zafi tana tururi tana shiga musu hanci. A can ƙasa jarkokin suke, biyar cif, an ɗauraye su tas. Uku da jan zare, biyu da baƙi. Ko harafi ɗaya babu a jikinsu.

Sufeto ya ɗaga ɗaya ya jijjiga, ya juya ta, ya duba gindinta, ya sake jijjigawa. Ga abin a hannunsa, amma jarka ba ta magana. Da zai iya, da ya fasa ta da haƙori.

Aka kawo Baba Sito. Ya ga jarkokin a jere, ya sunkuyar da kai.

"Cire safar hannunka."

Ya cire a hankali. Yatsunsa sun ƙone sun yi ja, farce biyu sun yi fari suna shirin ɓarewa.

"Kai ka zuba su."

Tsohon ya kalli jarkokin.

"Me ke ciki?"

"Ranka ya daɗe, ni ɗan aike ne. Ka tambayi Manaja."

"Manaja bai san ja da baƙi ba. Kai ka sani. Me ke ciki?"

"Na manta."

Manaja ya iso yana share gumi. "Baba, kada ka ce komai sai lauyan kamfani ya zo. Kana da 'yancin yin shiru."

Sufeto ya ji jini ya hau masa kai. Ya karya rabin dokarsa. "Mutum ya mutu da safen nan," ya daka tsawa. "A ƙasan magudanar nan. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Tsohon ya ɗago da sauri, amma abin mamaki, sai fuskarsa ta ɗan saki. "Allah ya jiƙansa. Amma ba daga nan ba ne, ranka ya daɗe. Wannan rariyar ba ta fita waje. Rami take shiga, rijiyar da aka gina don ruwan wanki, mai murfin siminti. Ina nan aka haƙa ta, shekara goma sha tara ke nan. Ni da nake hana mutane zuba ko ganye a magudana? Da na san waje take fita, ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan zuba ba."

Yana faɗa da gaskiyarsa, kuma wannan ne ya fi tayar wa Sufeto da hankali. Mutumin da ya yarda ba shi da hannu a mutuwa ba zai sayar da aikinsa don ta ba.

"Kofur, koma marfin da ke gindin katanga. Ki ɗaga, ki bar waya a kunne."

Ta zura da gudu. Sufeto ya tsinko furanni masu ruwan ɗorawa cike da hannu biyu daga shingen da ke kusa, ya marmashe su a bokiti, ya cika shi da ruwa, ya juye a rariyar. Ya ƙara bokiti na biyu, ya ƙara na uku. Ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

Minti ɗaya. Minti biyu. Ba a jin komai sai numfashin Kofur.

"Oga, ga su nan. Furanni, suna wucewa."

Baba Sito ya girgiza kai. "Ba zai yiwu ba. Ramin yana nan."

Ƙarfe ne ya yi magana daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, an cike ramin. Bara, lokacin da kake kwance a asibiti da ƙafarka, da aka sake shimfiɗa simintin bayan nan. Ramin ya rufta, sai suka haɗa bututun da magudanar ruwan sama. Na ɗauka an gaya maka."

Tsohon ya juya ya kalli Manaja. Manaja ya kalli takalminsa.

"Ka ce in ɓatar da su kafin gobe," in ji tsohon. "Na ce a kira masu kwasar irin wannan shara, ka ce sai sati biyu za su zo. Na ce to zan zuba a rami. Ka ce in yi yadda na ga dama. Ka san babu ramin?"

"Baba, na ce ka yi shiru. Duk abin da ka faɗa yanzu kanka zai hau. Kisan kai ne fa. Kana da iyali."

Maganar ta shiga. Sufeto ya ga bakin tsohon ya rufe. Wayar ta yi ƙara, Likita ce. Bai ɗauka ba, don ba shi da abin da zai ce mata. Ƙarfe biyu da minti goma.

Duk dabarar shekara ashirin da biyu ta ƙare masa. Ya cire hularsa ya durƙusa a gaban tsohon, a cikin ruwan da ya zube, abin da bai taɓa yi wa wanda ake tuhuma ba.

"Baba, ka dubi girman Allah. Ba tarko nake ɗana maka ba. Akwai yarinya a asibiti, da ranta, likita na jiran sunan maganin nan kafin ta san abin da za ta yi mata. Mahaifinta ne ya mutu. Wani tsoho mai sayar da dashen furanni a bakin kwalbatin babban titi. Da baki suka ja ruwan."

Tsohon ya ɗago kai. Ya tsaya cak.

"Mai koren tiyo?"

"Shi."

"Yarinyar siririya? Auta?"

"Ka san su?"

Tsohon ya zame ya zauna a ƙasa. Wani irin sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba kuka ba ne tukuna.

"Tare muka fara aikin lambu da shi, muna samari. Ni na nuna masa wurin. Na ce masa ruwan ban-ruwanmu yana fita ta can rani da damina, kuma mai tsafta ne, tunda ni ke gadinsa. Ni na ba shi tiyon." Ya kama hannun Sufeto da ƙonannun yatsunsa. "Kira ta. Kira likitar, maza."

Sufeto ya danna lambarta. Ya kara wayar a bakin tsohon.

"Jan zare maganin ƙwari ne, jarka uku," ya ce, muryarsa ta fito tar kamar mai karanta takarda. "Baƙin zare maganin ciyawa ne, jarka biyu, mai launin shuɗi, wanda aka hana sayarwa." Ya faɗi sunansa, ya maimaita, ya faɗi wanda ke rubuce a tsohuwar takardar kafin ta goge. "Lita ashirin-ashirin, tsantsa. Jiya da yamma na zuba. Ni na zuba, da hannuna."

Likita ta ajiye wayar a buɗe. Suka ji ta juya tana ba da umarni da ƙarfi: a rage iskar, a kawo magani kaza, a shirya injin wankin jini, a yi sauri. Sai da hayaniyar ta lafa ta dawo kan wayar.

"Shi ne wanda nake tsoro. Awa bakwai ina ba ta iskar nan, Sufeto. Ƙarfe nawa ka fara ganin mutumin nan?"

"Goma."

Ta kashe wayar.

Sufeto ya tsaya riƙe da ita. Tun ƙarfe goma yake tsaye gaban wannan dattijo a cikin sito. Jimla ɗaya ce, wa ya mutu, wa ke kwance, da ya faɗe ta da ko minti ɗaya ba za a yi ba. Ya ɓoye ta don wayo, kuma awa huɗun nan daga huhun yarinyar aka cire su. Kunya da baƙin ciki suka cika masa ciki har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Me ya sa ba ka gaya mini tun da safe ba?" in ji tsohon. Ba da faɗa ya tambaya ba, so yake ya sani.

Sufeto ya kau da kai. Ya mayar da hularsa.

Kofur ta dawo tana haki. Ya nuna mata Manaja da haɓa, ta buga masa ankwa yana ta ambaton lauya. Da ta zo kan Baba Sito sai ya miƙo hannuwan da kansa. Ta dubi yatsun, ta dubi Sufeto, ta sa ankwar a sassauce. Ma'aikatan lambu sun taru sun yi cirko-cirko. Tsohon ya ce wa Ƙarfe ya ciro makullin sito daga aljihunsa, ya kuma toshe rariyar nan da siminti yau ɗin nan, kada ya bari sai gobe.

Sun kai bakin mota ke nan wayar ta sake ƙara. Sufeto ya ɗauka.

"Tana raye," in ji Likita, muryarta a gajiye. "Ban yi maka alkawarin komai ba, sai an ga kwana uku. Amma ta buɗe ido, kuma tana magana kaɗan-kaɗan. Mahaifinta take tambaya. Ba wanda ya gaya mata, ni ma na kasa. Na ce mata yana hutawa, na tambaye ta ko akwai wani nata da za a kira ya zauna da ita."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba su da kowa a garin nan sai wani aminin babanta, yana aikin sito a rukunin gidajen da ke sama da su. Ta ce a ce masa Auta ce, Kawu ba zai ƙi zuwa ba. Za ka iya nemo mini shi?"

Muryar wayar tana buɗe tun ɗazu, Sufeto ya manta bai rufe ta ba. Tsohon ya ji komai. Ya ɗaga hannuwansa biyu da ankwa ya rufe fuskarsa, sai a lokacin kukan ya zo.

"Sufeto? Kana ji na?"

"Ina ji," ya ce. "Yana hannuna."

Ya buɗe ƙofar baya, ya dafa kan tsohon don kada ya bugu, ya shigar da shi.